Ɓauna a tsaye ana yi mata tiyata, da ranar da saniya ta zube min

Daren Talatar da ta wuce ina zaune ƙofar gida nan Samaru, an ɗauke wuta, zafi ya koro kowa waje, sai ga saƙo ya shigo min a WhatsApp daga wani abokina da muka yi karatun likitan dabbobi tare, shi yanzu yana Indiya yana ƙaro karatu ɓangaren tiyatar manyan dabbobi. Bidiyo ne ɗan gajere. Wata ƙatuwar ɓauna baƙa wuluk tsaye cikin shingen ƙarfe, kai a sunkuye, leɓe ya saki, miyau na dalala, an aske mata kwiɓin hagu an yanka, likita ya zura hannu har kafaɗa cikin tumbinta yana lalube, ita kuwa ko a jikinta, sai dai jefi-jefi ta ɗan kaɗa kunne. Ƙasan bidiyon ya rubuto wai "Dokta, ka tuna saniyar nan taka ta hanyar Giwa?" ya haɗa da alamar dariya har guda uku. Ɗan rainin hankali, shekara nawa yanzu amma bai manta ba.

Zan zo kan saniyar, ba gudun labarin nake ba.

Washegari na je wata ruga wajen Shika duba maruƙa, sai na nuna wa wani dattijo da na daɗe ina yi wa shanunsa aiki. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da fuskarsa, ya kalla har sau biyu sannan ya ce, "Likita, wannan ba ɓauna ba ce. Ɓauna saniyar sake, wa ya isa ya ɗaure ta balle ya sa mata hannu a ciki?" Na ce Baffa kana da gaskiya, ni ma ina da gaskiya, sunan ne ya zo ɗaya a bakinmu amma dabbobi biyu ne. Tamu ta daji wadda har gobe ake gani a Yankari da Gashaka Gumti, masana na ce mata Syncerus caffer, ba a taɓa mai da ita dabbar gida ba, in za a taɓa ta sai dai a harba mata allura daga nesa da bindiga ta musamman, da magani irin su etofin wanda ɗan kaɗan ɗinsa kan kashe mutum, ta faɗi ƙasa sannan a matso. Babu zancen aiki a tsaye da wannan. Ta cikin bidiyon kuwa ɓaunar ruwa ce, Bubalus bubalis, wadda mutanen Masar ke ce wa jamusa, dabbar gida ce tun shekaru dubbai, ana tatsarta ana huɗa da ita. Indiya kaɗai a ƙidayar dabbobinsu ta 2019 sun ƙirga sama da miliyan 109. Akwai irin Murrah ta jihar Haryana mai murɗaɗɗen ƙaho, ita ce a bidiyon, akwai Nili-Ravi ta Pakistan, har Italiya suna da su, da nononsu ake yin cukun mozzarella na asali. Kitsen nonon kan kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100, da Baffa ya ji wannan sai na ga ya gyara zama.

To mu da ba mu kiwonta me ya dame mu da yadda ake kwantar mata da hankali? Ni dai abin da ya sa nake bibiyar rubuce-rubucen likitocin Izatnagar da Hisar a Indiya da na Masar shi ne halin da suke aiki a ciki ya fi kama da namu nesa ba kusa ba, in ka kwatanta da littattafan Ingila da muka haddace a makaranta. Zafi suke fama da shi kamar mu, mai dabbar talaka ne kamar namu, dabbar ita ce bankinsa, kuma rabin aikin a bayan gida ake yi ƙarƙashin bishiya ba a ɗakin tiyata ba. Ɓaunarsu ba ta zaɓen abin da take haɗiya, ƙusa da waya duk wucewa suke, su je su zauna a ƙaramar jakar tumbi ta gaba mai zane kamar saƙar zuma, su yi ta suka har tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya raunana ya yage, jakar ta kutsa cikin ƙirji. Wannan ciwon ya fi yawa a ɓauna fiye da saniya, kuma aikinsa hawa biyu ne, a fara buɗe tumbi a tsaye a kwashe abin da ke ciki, sannan daga baya a sa ta barci sosai a ɗinke yagewar. Sai murɗewar mahaifa gab da haihuwa, ita ma ta zame musu ruwan dare. Mu kuma namu leda ce, leda da igiyar buhu da tsumma, duk wanda ya taɓa leƙa mayanka da asuba ya ga abin da ake zarowa daga tumbin shanun cikin gari ya san zancen.

Mutane da yawa in suka ga ana yanka dabba tana tsaye sai su ɗauka rowar magani ce ko rashin tausayi. Wallahi ba haka ba ne, tsayuwar ita ce tausayin. Dabba mai tuƙa tumbinta randa ce da ba ta daina tafasa, dare da rana iska na taruwa, ita kuma tana fitar da ita ta gyatsa kusan kowane minti. Da ka kwantar da ita ta gefe, ruwan tumbi ya rufe bakin maƙoshin abinci, gyatsa ta tsaya, ciki ya fara kumbura ya danne huhu, ga miyau da babbar saniya ke zubarwa sama da lita 100 a yini wanda in tana cikin maye ba ta iya haɗiye shi da kyau, ga amai da kan taso ba zato ya faɗa hanyar numfashi, in ya shiga huhu to ko ta tashi daga tiyatar ciwon huhu na jiranta nan da kwana biyu uku. Sannan nauyinta kansa, kilo 500 a kan kafaɗa ɗaya awa biyu bisa ƙasa mai tauri, jijiyar ƙafar gaba kan danne ta tashi tana jan ƙafa. In kuwa tana tsaye ka yanka ta hagu, tumbin ne ke tare maka hanji kamar marfi, ba ruwanka da hanji na zubowa. Saboda haka duk dabarar a nan take, ka sanyaya mata jiki daidai yadda za ta daina faɗa amma ƙafafunta huɗu su riƙe ta. Tsakanin "ta nutsu" da "ta zube" ɗan siririn layi ne.

Maganin kwantar da hankalin dabba da kowa ya sani shi ne zailazin. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya shigo kasuwa da sunan Rompun, har yau tsofaffin ma'aikata ba sa kiransa da wani suna. Yana da arha, yana samuwa, yana aiki, shi ya sa muka shagwaɓe da shi. Amma abin da ya kamata kowa ya rubuta a bangon ɗakinsa shi ne masu tuƙa sun fi doki jin wannan magani kusan sau 10. Doki za ka ba shi wajen miligiram 1 a kowane kilo ta jijiya ya tsaya yana gyangyaɗi, saniya 0.05 ya ishe ta, in ka haura 0.1 to ka shirya ta kwanta. Ɓauna kuma likitocin can sun fi tsayawa a ƙasa-ƙasan ma'aunin saniya, don sun ga tana saurin kamuwa. Ko a cikin shanu ma ba ɗaya ba ne, littattafan Amurka sun ce Brahman, shanunsu masu tozo da asalinsu daga Indiya ne, su suka fi saurin jin maganin, Holstein masu baƙi da fari su ne masu jurewa. Ka duba Bunaji da Rahaji da Bokolo namu, duk masu tozo ne, amma ma'aunin da yawancinmu muka riƙe a kai na turawan shanu ne.

Sai zafi, wanda shi ne babban darasin da na ɗauka daga masu ɓauna. Ita ɓauna fatarta baƙa ce, gashi ƙalilan, ƙofofin gumi kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na saniya, shi ya sa take shiga taɓo ta kwanta da rana, ba ƙazanta ba ce, fankarta ke nan. Zailazin kuma yana rikita wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa, dabbar ta kasa sanyaya kanta, kuma a lokacin zafi mayen kan yi zurfi ya daɗe fiye da yadda ka lissafa. Abokina ya ce su da bazara da sassafe suke aiki, kuma akwai mai tiyo yana tsaye yana jiƙa mata baya. Mu nan Zariya watan Afrilu wani lokaci awon zafi kan tasam ma 40, amma sai ka ga mutum ya ɗaure saniya tsakar rana fili fetal ya soka mata allura.

Ni ne mutumin. Ga labarin saniyar hanyar Giwa.

Ban daɗe da gama bautar ƙasa ba lokacin, jini na tafasa, ina jin kaina. Aka kira ni wai saniya ta daina cin abinci ta rame amma ciki tulele, na je na danna kwiɓin hagu na ji abu tauri kamar an cusa katifa, na ce leda ce sai an buɗe. Muka sa rana, aka ce ƙarfe 7 na safe, babur ɗina ya yi faci, mai riƙe min kaya ya makara, ba mu fara ba sai wajen 11 da rabi, rana ta take. Babu shingen ƙarfe, jikin wata ɗorawa muka ɗaure ta wadda inuwarta ta riga ta gudu ɗaya gefen. Na kalle ta da ido na ce wannan za ta yi kilo 350. Cikin ne ya ruɗe ni, da tozo da tsawon ƙaho, daga baya da na zauna na yi lissafi da kyau ba ta wuce 250 ba. Ga yara sun kewaye mu ana ihu, an sha kokawa da ita kafin a ɗaure, idonta ya yi ja tana huci. Na ba ta mil 1 na zailazin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 a tsoka, wato miligiram 20. Minti biyar ban ga komai ba, har ta kai wa yaron da ke riƙe da wutsiya harbi. Mai saniyar ya ce "Likita anya maganin nan naka bai lalace ba?" Maganar ta sosa min rai, na ja wani mil 0.75 na ƙara mata. Ka haɗa, miligiram 35 a jikin kilo 250, wato 0.14 a kowane kilo, ma'aunin kayar da saniya ne cif.

Abin da na sani a takarda amma na manta a fili shi ne dabbar da ta firgita jininta cike yake da sinadarin tsoro, shi ke tare maganin ya hana shi kamawa da wuri, ba wai maganin ba ya nan ba ne, yana nan yana jira. Allurar tsoka kuma tana son minti 15 zuwa 20 ba mai taɓa dabbar ba mai hayaniya. Na yi allurar kashe wurin, na yanka fata, na ratsa tsoka, na jawo tumbi na ɗinke shi jikin fata yadda ƙazanta ba za ta zuba cikin ciki ba, na buɗe, na fara jawo leda, sai na ji kamar ƙasa na motsi. Ƙafafun baya suka fara layi, ta yi tangaɗi sau biyu, ta durƙushe. Allah ya taimake ni mai riƙe min kaya tsohon hannu ne, ya daɗe yana bin likitoci, tun farko ya ɗaura igiya a ƙafar baya ta dama ba tare da na sa shi ba, da ta tafi sai ya fizge igiyar ta faɗi ta gefen dama, yankan ya kasance a sama. Da ta hagu ta faɗi, tumbi a buɗe cikin turɓaya, da yanzu wani labarin ake.

Babu maganin warware maye a jakata, ko ɗigo. Numfashinta ya koma sama-sama, miyau kamar an buɗe famfo. Muka tokare mata wuya da buhun dusa hancin ya kalli ƙasa don miyau ya zube waje, aka kawo tabarma mutum biyu suka riƙe suka yi mata inuwa, matan gidan suka yi ta jido ruwa daga rijiya ana kwarara mata a kai da ƙafafu, ni kuma a durƙushe na ƙarasa aikin gwiwata cikin caɓi, gumi na shiga min ido. Ledar da na fitar ta cika bokiti ta yi tozo, har da takalmin roba na yaro. Mai saniyar bai ƙara cewa uffan ba, shirun nan ya fi min zagi ciwo. Sai bayan la'asar ta miƙe. Ta rayu, gefen ɗinkin ya ɗan yi ruwa muka yi ta wanki har ya warke, shekara ta zagayo ta haihu. Amma garin neman gira na kusa rasa ido, kuma abokina yana wurin ranar, shi ke miƙo min almakashi, shi ya sa har yau nake shan tsiya.

Na tambaye shi me suka ba ɓaunar bidiyon, ya ce zailazin ɗan mitsitsi da butofanol, sai lidoken, maganin kashe wuri, a jijiyoyin gefen gadon baya. Wannan shi ne tunanin haɗa magani gaba ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka dogara da zailazin shi kaɗai, duk nutsuwar da kake so daga gare shi za ta fito, to dole ka ƙara yawa, kuma da yawan nasa illolin ke zuwa, bugun zuciya ya ragu, tumbi ya daina motsi, ciki ya kumbura, ƙafa ta saki. Amma in ka kawo wani magani da ke bi ta wata ƙofa daban, sai kowanne ka ba da kaɗan, su haɗu su yi abin da ɗaya ba zai yi ba sai da ɓarna. Butofanol dangin su mofin ne masu kashe zafin ciwo, shi kaɗai ba ya sa saniya wani barcin kirki, amma in ya haɗu da zailazin sai ka ga dabbar ta kafe wuri ɗaya, ta rage zabura in an taɓa ta, ciwon cikin ma ya ragu. Zaburar nan ita ce matsalar zailazin zalla, za ka ga dabba kai a ƙasa kamar ta yi nisa, ka taɓa ta kawai ta sakar maka ƙafa, kuma ba ta kuskure.

Akwai kuma haɗin uku da wani likitan Amurka Eric Abrahamsen ya yaɗa, wanda ake wa laƙabi da 5-10-20. Ga dabba mai kilo 500, miligiram 5 na butofanol, 10 na zailazin, 20 na ketamin, a sirinji ɗaya, a tsoka ko ƙarƙashin fata. In ka raba da nauyi zai ba ka 0.01 da 0.02 da 0.04 a kowane kilo. Ka dubi zailazin ɗin, miligiram 10 ga kilo 500, ni kuwa na ɗura wa mai kilo 250 har 35. In butofanol ɗinka mai 10 ne a mil, zailazin mai kashi 2, ketamin mai 50 a mil, to rabin mil da rabin mil da 0.4 ke nan, duka-duka mil 1.4, mai dabba zai kalli sirinjin ya ce likita wasa kake. Ketamin ɗin shi ya fi ba mutane mamaki don mun san shi a matsayin maganin barcin tiyata, wajen miligiram 2 a kilo ta jijiya, a nan kuwa ɗaya bisa 50 na wancan ne. Ba barci yake sawa ba, yana toshe hanyar da ciwo ke bi ya ninka kansa a laka, kuma yana sa dabbar ta zama kamar ba ruwanta da abin da ke faruwa. Wajen awa ɗaya kake da ita. A shanu aka gina wannan lissafin, don haka mai ɓauna daga nan ƙasan zai fara, ba zai haura ba sai ya ga dalili. Na gwada shi a Bunaji sau da dama lokacin da na samu butofanol, kuma gaskiya ban taɓa ganin abin da ya kai shi daɗin aiki ba ga saniyar da ba ta saba da hannu ba.

Sai dai fa kar wani ya ruɗe, duk wannan na kwantar da hankali ne, ba shi ke kashe zafin wuƙa ba. Mai wannan aikin lidoken ne. A ganina rabin matsalar da muke samu a fili daga nan take, mutum bai kashe wurin da kyau ba, dabba ta motsa don tana jin zafi, shi kuma ya ƙara mata zailazin. Ko dai ka yi allurar a layi biyu, ɗaya ya bi bayan haƙarƙarin ƙarshe ɗaya ya bi ƙasan ƙashin baya, su tare jijiyoyin kafin su iso inda za ka yanka, wannan ita ce mai sauƙi amma tana shan magani, mil 60 har 100. Ko kuma ka bi jijiyoyin guda uku tun daga inda suka fito gefen gadon baya, ta bayan haƙarƙari na 13 da biyun da ke bin ta, kowacce mil 10 zuwa 20, in ta kamu za ka ji kwiɓin ya ɗau ɗumi, bayan ya ɗan lanƙwasa, tsoka ta saki laƙwas, ka tsikara da allura ba ta ko waiwayo. Wannan ta fi kyau, ta fi wuyar koyo. Lidoken ma yana da iyaka, wajen miligiram 10 a kilo, ga saniya mai 250 mil 125 ke nan na mai kashi 2, ga akuya kuwa ɗan kaɗan ya wuce gona da iri. Abokina ya ce fatar ɓauna ta fi ta saniya kauri sosai, sai ka fara huda da gajeriyar allura mai kauri sannan ka zura doguwar ta cikinta, in ba haka ba lanƙwashewa za ta yi ta yi. Cire ƙaho kuma allura ce tsakanin ido da gindin ƙahon. Fitar mahaifa ko gaba, wadda ita ma ke yawan samun ɓauna, allura ce a gindin wutsiya, wajen mil 1 ga kowane kilo 100, wasu kan sa zailazin kaɗan a ciki don ya daɗe, in ka zarce kuma ƙafafun baya su mutu ta zauna maka.

Mai ciki a kula. Zailazin yana sa mahaifa ta ƙanƙance, a watanni ukun ƙarshe yana iya jawo ɓari, kuma ɓauna cikinta ya fi na saniya tsawo, wajen kwana 310 maimakon 280 da 'yan kai. In fiɗar ciro ɗa za ka yi ma mahaifar kan yi tauri ta ƙi jawuwa, ɗan kuma ya fito a mace-mace. Ditomidin ɗan'uwan zailazin ya fi sauƙi a kan mahaifa, masu bincike a can sun gwada shi da miditomidin da romifidin a ɓauna, yawanci tare da butofanol, amma kuɗinsu ba na makiyayi ba ne. Cikin sauran magungunan kwantar da hankali, asefuromazin yana sauke hawan jini, ba na son sa ga dabbar da ta bushe ba ruwa a jiki, kuma bijimin barbara gabansa kan zazzago ya ƙi komawa. Dayazifam ƙafa yake kashewa, ba abokin aikin tsaye ba ne sai an yi hankali. Wani abu kuma musamman in layya na tafe, ragon da fitsari ya toshe masa kar a kusance shi da zailazin, yana ƙara yawan fitsari, mafitsara na iya fashewa, ga tumaki dama maganin na taɓa musu huhu.

Maganin warwarewa akwai atifamizol, shi ne gwani, akwai yohimbin da tolazolin. Tun daga ranar nan ba na fita ba tare da ɗaya ba ko da zan ci bashi, sai dai in ka warware mayen ka warware har da rage ciwon da zailazin ke yi, to a tanadi wani maganin ciwo a gefe.

Matsalarmu a nan ita ce samu. Butofanol sai ka yi wata kana cigiya, yawanci fentazosin muke maye gurbinsa da shi, ba ɗaya ba ne amma da babu gara ba daɗi. Ketamin kuma magani ne da hukuma ke sa wa ido saboda masu shaye-shaye, dole a kulle shi a riƙa rubuta abin da ya fita. Zailazin ma a Amurka ya zama bala'i, masu ƙwaya na cakuɗa shi da wasu abubuwa, kuma ko likita ne ya soki kansa da shi bisa kuskure asibiti ya nufa ba gida ba. Sannan kwalbarsa iri biyu ce, mai kashi 2 da mai kashi 10 ta doki, mil ɗaya na ta biyun daidai yake da mil 5 na ta farko, in ba ka karanta jikin kwalba ba ka kashe saniyar mutane kana zaton ka yi daidai. Don Allah masu kiwo, lambobin nan da na jero na abokan aiki ne da ɗalibai, ba na a je kasuwa a saya a soka ba ne, kuma in an yi wa dabba wannan allura a tambayi likita kwana nawa za a jira kafin a sha nononta ko a yanka.

Yanzu a aljihun jakata akwai tef ɗin tela, naira kaɗan na saye shi a kasuwar Samaru. Ka auna kewayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba da inci, ka ninka shi da kansa, ka ninka da tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, ka raba da 300, ya ba ka nauyi a fam, ka sake rabawa da 2.2 ka samu kilo. Ba ya faɗin daidai-wa-daida amma ya fi idona gaskiya. Hotonsa na ɗauka na tura wa abokina a matsayin amsar dariyarsa.

Da zan bar rugar Baffa ya rako ni har inda na ajiye babur, ya ce in sake nuna masa bidiyon. Ya kalla, ya tambaye ni lita nawa take bayarwa, na ce mai kyau cikin Murrah takan haura 10 a yini. Ya yi shiru yana wasa da sandarsa, can ya ce, "To Likita, ka ce wa abokin naka in zai dawo ya taho min da karsana ɗaya, ga dam ɗin Shika nan kusa ta riƙa kwanciya abinta." Na tura masa saƙon tun jiya, alamar shuɗin nan biyu ta nuna ya gani, har yanzu dai bai ce komai ba.